Tambayoyi Da Amsoshi Kan Ganyen Rozmari: Abin Da Yake Yi Da Abin Da Ake Ɗora Masa

Assalamu alaikum. Tun da maganar rozmari ta cika TikTok da guruf-guruf na WhatsApp kusan kullum sai an turo min tambaya a kansa, kuma in ka duba tambayoyin nan 'yan kaɗan ne suke ta juyawa, yau wannan ta tambayi gashi, wancan ya tambayi hawan jini, gobe wata ta sake dawo da ta gashin. Shi ya sa na ce bari in tara su wuri ɗaya. Ni ba likita ba ce, ganyayyakin ƙamshi nake shukawa a nan Jos, kuma ina son wannan ganyen ƙwarai da gaske, son da nake masa ne ma ya sa raina ke ɓaci in na ga ana jibga masa aikin da ba nasa ba har mutum ya ajiye maganin asibiti sabida shi. Abin da yake yi zan faɗa, inda aka ƙara gishiri ma zan faɗa.

Wai menene rozmari ɗin nan, ganyen Turawa ne?

Ɗan gajeren itace ne da ba ya kaɗe ganye rani da damina, ganyen sirara ne masu tsini, samansu kore shar, ƙasansu fari-fari, in ka murza da yatsa ƙamshin zai daɗe a hannunka. Asalinsa ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ne, su Sifen, Italiya, Girka, har da Maroko da Tunisiya, don haka ba na Turawa kaɗai ba ne, Larabawa sun daɗe suna amfani da shi, a shagunan magungunan Musulunci ma Iklilul Jabal za ka ji ana ce masa. Danginsu ɗaya da na'ana'a da ɗoɗɗoya da tayim ɗin da muke sawa a miya. In kina duba jikin kwalba za ki ga an rubuta Rosmarinus officinalis ko kuma Salvia rosmarinus, duk abu ɗaya ne, a 2017 ne masana tsirrai suka sauya masa suna.

Ƙarfinsa daga wasu sinadarai yake. Akwai asid ɗin rozmarinik da na karnosik, su ne ke hana mai da nama saurin lalacewa, sai kuma siniyol da kafur waɗanda ke ba shi wannan ƙamshin mai shiga hanci. Ku riƙe maganar kafur ɗin nan don za mu dawo kanta.

Anti a ina zan samu a Jos? Kuma ya zan gane mai kyau?

In ɗanye kike so ki shiga kasuwar Farin Gada ki tambayi masu sayar da su fasili da seleri da latas, in babu a teburinsu sukan san wanda ke kawowa. Busasshe kuwa wajen masu kayan ƙamshi na kasuwar Taminus ko manyan kantuna. Masu sayar da fulawa a bakin titi ma sukan ajiye dashensa a leda. 'Yan Abuja ku duba kasuwar Wuse, dama kayan lambu da yawa daga nan Filato ake kai muku.

Gwajin ɗaya ne, ki murza ki shinshina. Busasshen da ya koma ruwan toka, ba ƙamshi sai warin ƙura, ya gama aiki, kar ki ba da kuɗinki.

Da gaske yana maganin kumburin ciki?

Eh, kuma a duk amfanin da ake lissafa masa wannan ne ya fi tsayawa da ƙafarsa. Hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da ganyen a matsayin maganin gargajiya na rashin narkewar abinci da ɗan murɗawar ciki mara tsanani, irin wanda za ka ci tuwo da miya mai maiƙo da dare ka kwana ciki ya cika tam kana ta gyatsa. Yadda suka tsara shi ne giram 1 zuwa 2 na busasshen ganye, wato wajen cokalin shayi ɗaya, a zuba masa tafasasshen ruwa kofi ɗaya, a sha sau 2 zuwa 3 a rana, kar jimillar ta wuce giram 6.

Don Allah a rufe kofin. Mutane da yawa sai su zuba ganyen a tukunya su bar shi yana ta tafasa ba murfi har gida ya cika da ƙamshi, toh wannan ƙamshin da ya cika gidan shi ne rabin maganin ya bi iska. A sauke ruwan, a zuba kan ganyen, a rufe da faranti minti 10, a tace. Yana da ɗan ɗaci da bauri, zuma kaɗan ko yankan citta na gyara shi.

Amma in an yi sati 2 ana sha ciki bai daidaita ba, a je asibiti. In kuwa akwai baƙin bayan gida, ko amai da jini, ko rama ba dalili, wannan ba a jira sati biyun ma.

Toh olsa fa?

Ba ya warkar da olsa. Yawancin gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi ko kuma yawan shan magungunan ciwon jiki, ita ƙwayar cutar ana gwada ta a asibiti kuma akwai haɗin maganin da ke kashe ta. Wasu masu olsa ma in suka sha shayin mai kauri da safe ba komai a ciki, zafin ƙaruwa yake.

Hajiya ni dai gashi. Yana fito da gashi ko talla ce kawai?

Nan ne hayaniyar take, bari in ɗan zauna a kai. Duk wannan maganar da kuke gani a intanet kusan daga bincike ɗaya ta samo tushe, wanda aka yi a Iran aka wallafa a 2015. Maza 100 masu sanƙon gado aka raba gida biyu, 50 suna shafa man rozmari, 50 suna shafa minoxidil mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, wanda shi ne maganin sanƙo da ake sayarwa a kyamis. Da aka duba bayan wata 3 ba wani canji a duka ɓangarorin. Sai a wata na 6 aka ga yawan gashi ya ƙaru a duka biyun kusan daidai wa daida, kuma masu rozmari ba su yi fama da ƙaiƙayin kai kaman masu minoxidil ba.

Labari ne mai daɗi, ni ma na ji daɗinsa. Sai dai a lura da abubuwan da masu talla ba sa faɗa. Maza ne aka gwada, masu sanƙon gado, ba mata masu karyewar gashi ba. Minoxidil ɗin da aka kwatanta da shi mai rauni ne, maza yawanci mai kashi 5 ake ba su. Babu rukuni na uku da aka ba man banza don a ga ko tausar kai ita kaɗai ma za ta yi wannan aikin. Sannan wata 6 cur ana shafawa kullum kafin a ga wani abu. Gashin mutum wajen santimita ɗaya yake ƙaruwa a wata, don haka duk wadda ta nuna miki hoto wai sati 2 gashi ya sauko kafaɗa, 'yar uwa ba rozmari ba ne ya yi wannan.

Akwai wani tsohon bincike kuma na 1998 a Abadin ta ƙasar Sukotilan, a kan mutum 86 masu irin zubewar gashin nan da ke barin fili zagaye a kai. An haɗa man rozmari da na tayim da lafanda da na itacen sida suna tausa kai da shi wata 7, kashi 44 cikin 100 sun samu sauƙi, waɗanda aka ba mai zalla ba haɗin kuwa kashi 15. Amma ka ga mai huɗu ne a haɗe, ba a ware aikin rozmari shi kaɗai ba.

A nawa ganin ya cancanci a gwada, ba tsada, ba wani haɗari in an yi shi daidai, amma a shiga da haƙuri.

Ya ake haɗa man gashin?

Mai iri biyu ne kuma nan ake samun matsala. Akwai tataccen mai, wanda ke zuwa a 'yar ƙaramar kwalba mai duhu ana ɗiga shi ɗigo-ɗigo, wannan yana da ƙarfi sosai don ganye mai yawan gaske ake turarawa kafin a samu kwalba ɗaya. Ba a taɓa shafa shi zalla a fata. Ɗigo 2 zuwa 3 a cikin cokalin shayi ɗaya na man kwakwa ko man zaitun ko narkakken man kaɗanya ya isa. Kafin ki kai shi kanki ki shafa kaɗan a cikin damtsenki ki bari ya kwana, in wurin ya yi ja ko ƙuraje ko ƙaiƙayi toh jikinki ba ya so, ki haƙura.

Na biyu shi ne jiƙaƙƙen mai na gida. Ki samu busasshen ganye, busasshe fa na ce, ki zuba a kwalba mai tsabta wadda ba ɗigon ruwa a ciki, ki zuba man zaitun ya rufe shi ruf, ki ajiye a inuwa sati 3 zuwa 4 kina ɗan girgizawa, sai ki tace. In kika sa ɗanyen ganye ruwan jikinsa zai sa man ya yi fumfuna ya yi wari. Wannan na gidan ya fi sauƙi a fata nesa ba kusa ba, amma kuma ba shi ne irin wanda aka yi binciken da shi ba.

A fatar kai ake shafawa ana tausawa da tafin yatsu, ba a jelar gashi ba. Kuma a dinga wanke kai, wasu sai su yi ta labta mai sati da sati ba wanki har amosani ya taso.

Ruwan rozmari da ake fesawa a kai fa?

Ba a yi masa irin binciken da aka yi wa man ba. Yana sa kai ƙamshi, yana sanyaya fata, kuma lokacin hunturu da gashi ke bushewa ƙayau ɗan danshin nan na taimakawa. A firij ake ajiye shi kuma kar ya wuce sati ɗaya, in babu wuta a unguwarku ki dafa kaɗan-kaɗan na kwana biyu. Da ya yi kauri ko warinsa ya canza a zubar.

Gaban goshina ya cinye, zai dawo da shi?

Ki fara duba kitsonki. Yawancin cinyewar gaban goshi a wajenmu daga jan gashi ne, ƙananan kitso da ake ɗaurewa tamau har ki kasa ɗaga gira kwana biyu, gashin doki mai nauyi, ɗaurin ɗankwali a wuri ɗaya kullum, ga man shafe-shafe na miƙar da gashi da ke ƙona fata. In dai ana ci gaba da jan, ko kwalba goma kika shafa ba zai tsaya ba. In aka sassauta da wuri gashin kan dawo, a nan man zai iya ba da tasa gudummawar. Amma in wurin ya riga ya yi sumul yana ƙyalli shekara da shekaru, ramukan gashin sun mutu, sai dai a ga likitan fata.

Masu jego kuma da gashi ke zuba wajen wata 3 bayan haihuwa, wannan canjin jiki ne, yakan tsaya da kansa kafin yaro ya shekara. In ya ƙi tsayawa a auna jini, ƙarancin jini na zubar da gashi sosai.

Yarona na da makero, in shafa masa?

A'a. Makero yana shiga har cikin tushen gashi, maganin sha yake buƙata na wasu makonni daga asibiti. Kuma tataccen man nan a nisanta shi da ƙananan yara gaba ɗaya, musamman kusa da hanci da baki.

Malama an ce yana buɗe ƙwaƙwalwa, ina da jarabawa kuma ƙanena na hadda

Wannan tsohuwar magana ce, ana ba da labarin cewa ɗaliban Girka na zamanin da sukan saƙala shi a kai in za su yi karatu. Masu bincike sun gwada. A Jami'ar Northumbria da ke Ingila an zaunar da mutum 144 a 2003, wasu a ɗaki mai ƙamshin rozmari, wasu na lafanda, wasu ba ƙamshin komai, masu rozmari suka fi tuna abubuwa kuma suka ce sun fi jin wartsakewa. A 2012 masu binciken nan suka auna jinin mutum 20 suka tarar siniyol ɗin da aka shaƙa yana shiga jini, kuma waɗanda ya fi yawa a jininsu sun fi yin ƙoƙari a gwajin.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne na Amurka a 2012, an ba tsofaffi 28 garin ganyen a ma'auni daban-daban. Da aka ba su miligiram 750, wato ko giram ɗaya bai kai ba, saurin tuna abu ya ƙaru. Da aka kai miligiram 6,000 sai abin ya juya, suka fi yin baya a kan ranar da ba a ba su garin ba. Ka ga masu cewa a cika tukunya da ganye don ya fi aiki ba su kyauta wa mutane ba.

Duk waɗannan ƙananan gwaje-gwaje ne kuma bambancin ba mai yawa ba ne. Ɗan uwa ka ajiye reshe a teburin karatunka kana murzawa kana shinshinawa, ko kofi ɗaya na shayi mara kauri, ba laifi. Barci isasshe da bita su ne za su ɗauki nauyin jarabawar. Tsohon da ya fara mantuwa mai tsanani kuwa, yana ɓata a unguwarsa ko yana manta sunan 'ya'yansa, asibiti za a kai shi.

Babanmu na da hawan jini, mu dinga dafa masa?

Wannan tambayar ce ta fi tayar min da hankali, sabida na sha ganin an rubuta rozmari a jerin magungunan hawan jini ana ta turawa. A al'adar Turai masu jinin da ya yi ƙasa ake ba shi, masu jin jiri da kasala. A Sifen an yi gwaji a kan mutum 32 masu jinin da ya yi ƙasa aka wallafa a 2014, man rozmari ɗaga musu jinin ya yi. Toh ka ga abin da ke ɗaga jini ba shi za a ɗauka a ba Baba a matsayin magani ba.

Ya ci a abinci, wannan ba komai, har ma in ƙamshin ya sa an rage gishiri da dunƙulen miya a girkinsa an ci riba babba. Amma ƙwayoyinsa na asibiti kar a taɓa su, ko da ya ce ya ji sauƙi. Hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum.

Ciwon suga fa?

An ga yana sauke suga a gwajin ɓeraye da na ɗakin bincike, a jikin mutane kuwa hujjar ba ta kai a dogara da ita ba. Mai shan maganin suga in zai sha shayin a kai a kai ya gaya wa likitansa kuma ya dinga aunawa. Haka mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, ko maganin sa fitsari, shi ma ya tambaya tukuna.

Ina da ciki wata huɗu, zan iya sha?

Ɗan wanda aka barbaɗa a kaza ko dankali ba matsala. Shayi mai kauri kullum, ko garinsa cokali-cokali, ko tataccen man, ki bar su sai kin sauka lafiya. Tun da can ana amfani da shi da yawa don tsinko jinin al'ada, abin da ke da wannan tarihin ba a wasa da shi da ciki. Hukumar Turai ɗin nan ma ba ta ba da shawarar a sha shi a matsayin magani ba ga mai ciki da mai shayarwa da yaran da ba su kai shekara 12 ba. In kin je awo ki gaya wa nas duk wani jiƙe-jiƙe da kike sha, kar ki ji kunya.

Masu tambaya ko za a jefa shi a ruwan wankan jego tare da darbejiya, 'yan rassa don ƙamshi ba laifi in babu ɗinki ko ciwon aiki da bai warke ba. Abin da ya fi damuna a jego ma ba ganyen ba ne, zafin ruwan ne da yawan kunun kanwa, likitocin Zariya sun daɗe da danganta su da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Iyayenmu mata a sassauta don Allah.

Sanyin Jos na tayar min da ciwon gwiwa da baya, yana taimakawa?

Yana ɗan taimakawa, wannan ma yana cikin abin da aka amince masa, ƙananan ciwon tsoka da gaɓoɓi. Wanda ya san asubar Disamba a garin nan, lokacin da ruwan randa ke yanka hannu, ya san yadda jiki ke ƙagewa. A dafa ganye cikin hannu biyu a tukunya a rufe, a tace a juye a bokitin wanka, ruwan ya zama mai ɗumi ba mai ƙuna ba. Ko a yi haɗin man nan na ɗigo 2 zuwa 3 a cokalin man kaɗanya a murza wurin, za ka ji ɗumi na ratsawa. Sauƙi yake kawowa na ɗan lokaci, ba ya gyara gwiwar da ta riga ta cinye. Kar a shafa a kan rauni. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi ga zazzaɓi, ko mai sikila da ciwo ya taso masa, asibiti kai tsaye.

Siracen mura ma ana yi da shi, yana buɗe hanci. Manya kawai, kuma mai asma ya yi hankali don ƙamshi mai ƙarfi na iya tayar masa.

Zan iya ɗiga man a shayi in sha?

A'a, kar ka sha. Ga maganar kafur ɗin da na ce a riƙe. A ganye kaɗan ne, a tataccen mai kuwa a tattare yake, in ya yi yawa a jiki yana kawo amai, yana taɓa ƙoda, yana iya jefa mutum cikin jijjiga. Mai farfaɗiya ya nisanci man kwata-kwata. Kwalbar kuma a ɗaga ta sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, in yaro ya sha kar a tsaya ba shi manja ko madara ko a sa shi amai, a ɗauki kwalbar a ruga asibiti da shi.

Su wa kuma bai kamata su sha shayin ba?

Mai tsakuwa a matsarmama ko toshewar hanyarta, da mai ciwon hanta, sabida yana motsa fitar ruwan matsarmama. Sai masu ƙarancin jini, wani bincike na 2001 a kan mata ya nuna in aka sa sinadarin rozmari a abinci jiki na rage tsotsar sinadarin ƙarfe daga abincin, irin yadda ganyen shayi ke yi. In ana ba ki ƙwayoyin ƙarin jini kar ki kora su da shi, ki ba da tazarar awa biyu.

Yana rage tumbi? Yana maganin kansa? Yana maganin sanyin mata?

Tumbi a'a, in ciki ya saɓe bayan an sha iska ce ta fita. Kansa kuwa a kwanon gwaji ne aka ga sinadaransa na taɓa ƙwayoyin cutar, ba a warkar da mutum da shi ba, kuma wallahi zalunci ne a karɓi kuɗin mai wannan ciwon a ɓata masa lokacin da ya kamata yana asibiti. Sanyin mata kuma, kar a yi matsi da shi, kar a tsuguna a kan tururinsa, fatar wurin ba ta ɗaukar wannan. A je a yi gwaji a san wace cuta ce, in ta kama a yi maganin tare da maigida.

A girki ya ake sa shi? Na sa a miya ta yi ɗaci

Kin cika hannu ne. Busasshe ya fi ɗanye ƙarfi, cokalin shayi ɗaya na busasshe daidai yake da babban cokali na ɗanye, kuma a daka shi don tsinin na soke dasashi. Bai dace da miyar kuka ko kuɓewa ba, inda yake haskawa shi ne nama da dankali. Ki samu dankalin Bokkos ki yanka manya-manya, mai kaɗan, tafarnuwa, gishiri, reshe biyu na ɗanyen rozmari, ki gasa har gefen ya yi ja, ranar za ki gane dalilin da ya sa nake shuka shi. Naman rago yana kashe masa ƙarni, a farfesun kaza a jefa reshe guda a cire kafin a zuba a kwano, kifi kuma a cusa masa a ciki kafin a ɗora a waya.

Masu gashin nama ga wani abu. In nama ya sha wuta sosai har ya yi baƙi-baƙi akwai wasu sinadarai da ke fitowa waɗanda ake zargi da kawo kansa, masu bincike a jami'ar jihar Kansas ta Amurka sun tarar sa sinadarin rozmari a naman kafin a gasa yana rage su sosai. Don haka jiƙa naman tsire ko balangu da shi kafin ya hau wuta abu ne mai kyau, amma dai kar a bari ya ƙone. Kamfanonin abinci ma suna amfani da shi don kar mai ya yi ɗoyi, Tarayyar Turai ta amince da hakan a 2010, in ka ga E392 a jikin leda shi ne.

Na saya a leda sau da yawa yana mutuwa, me nake yi ba daidai ba?

Kusan kullum ruwa ne ke kashe shi. Itacen tsandauri ne, ya saba da ƙasa mai duwatsu da rana, kuma Jos da ke sama da mita 1,200 ga sanyi ga iska ta dace da shi sosai, hunturu ba ya damunsa ko kaɗan. Yuli da Agusta ne lokacin haɗari, ruwa ba ƙaƙƙautawa, saiwar ta jiƙe ta ruɓe, sai ka ga ganyen ya fara baƙi daga ƙasa, mutum kuma ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara masa ruwa.

Ki huda gindin robar fenti ko tukunyar ƙasa huji da yawa, ki haɗa ƙasa da yashi mai tsakuwa kusan rabi da rabi, taki kaɗan. Ki ajiye inda zai samu rana aƙalla awa 6, in damina ta kankama ki ja shi ƙarƙashin rumfa inda haske ke shiga amma ruwan indararo ba ya dukansa. Kafin ki ba shi ruwa ki tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi ki bari. 'Yan Abuja a zafin Maris da Afrilu ku ba shi ranar safe, da azahar ya samu inuwa.

Kar ki wahalar da kanki da iri, ba ya tsirowa da daɗi. Reshe ake yanka mai tsawon santimita 10 zuwa 15 daga sabon toho, a tsige ganyen rabin ƙasa, a tsoma a kofin ruwa ana canza ruwan duk bayan kwana biyu, cikin sati 2 zuwa 4 za ki ga fararen saiwoyi, wani lokaci yakan ɗan wuce haka. Ki sa rassa huɗu ko biyar a tare don ba duka ke kamawa ba. In ya girma kina yanka kar ki ɗebe fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda, kuma ki tsaya a wurin da ke da ganye, tsohon icen da ya bushe ba ya sake toho. Wanda kika yanka ki ɗaure shi ki rataye a inuwa inda iska ke wucewa, in ya bushe yana karyewa ƙas sai ki tsige ki zuba a kwalba mai murfi.